Manufar darasi tukuna, na'ura daga baya

Kuskuren da ɗalibin koyon malanta ya fi yi shi ne zaɓar manhajar kwamfuta kafin ya rubuta manufar darasi. Ka fara rubuta abin da yaro zai iya yi bayan minti 40, sannan ka duba ko bidiyo zai taimaka.

In zai taimaka, kada ya wuce minti 4, domin da ya yi tsawo hankalin aji ya watse. Sauke shi a kwamfuta tun ana gobe darasin, intanet ba ta da alƙawari. Jona majigi kafin yara su shigo, in ba haka ba lalube-laluben wayoyin majigin zai cinye maka gabatarwa. A PowerPoint, manhajar shirya shafukan da ake haskawa a allo, layi 5 a shafi ya isa, da manyan haruffa saboda 'yan bencin baya. Ka riƙe kwafin takarda ko da wuta za ta ɗauke.