Muryoyin sun yi shiru, lissafin bai dawo ba

Ƙanena yana ɗan shekara 22 ya fara jin muryoyi, muna zaune a Agege da ke Legas. A asibitin masu taɓin hankali na Yaba aka ce ciwon sikizofireniya ne. Aka ɗora shi a kan magani, sambatu ya lafa, ya daina zargin maƙwabta. Mutanen gida suka yi ta hamdala, ni kuwa na mayar da shi shago.

Can aka ga sauran aiki. Mai saye ya ce Maggi da sukari da sabulu, kafin ƙanen nawa ya juya wajen kanta, biyu sun ɓace masa. A miƙa masa dubu ɗaya ya tsaya riƙe da ita, ya ce, "Yaya, nawa ne canjin?" Yaron da a da shi ke duba mini littafin bashi.

Likitarsa ce ta warware mini. Ta ce, "Malam, wannan ma ciwon ne." Maganin yana tare dofamin, wani sinadari mai kai saƙo tsakanin jijiyoyi, a tsakiyar ƙwaƙwalwa, inda ya yi yawa, shi ya sa muryoyin suka lafa. Riƙe magana na ɗan lokaci da tsara aiki kuwa na sashen bayan goshi ne, kuma masana na ganin a can dofamin ƙaranci ma yake yi. Ga saƙon sinadarin gulutamet da ke raunana, ga wasu ƙananan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu daidaita bugun sauran, kamar makaɗin da 'yan rawa ke bi, su ma sun yi sanyi. A lokacin balaga ƙwaƙwalwa takan rage mahaɗan jijiyoyinta. A 2016 masu bincike a Amurka suka alaƙanta ƙwayar gado C4 da ciwon, ana zargin ragin ne ke wuce gona da iri. Wataƙila shi ya sa wasu karatunsu ke ja baya tun kafin muryoyi su zo.

Maganin Artane da ake ba shi saboda karkarwa ma yana ƙara mantuwa. Likitar ta rage masa a hankali, ta kuma ja kunnena kada mu taɓa magani da kanmu.

Sai muka sauya tsari. Saƙo ɗaya, in ya gama a ba shi wani. Farashi a rubuce jikin kwali, kalkuleta kusa da hannu, rediyo a kashe. Masu ce masa malalaci na daina jayayya da su, ba su taɓa ganin guminsa a kan canjin ɗari biyu ba. Yanzu safiya tasa ce, lokacin da layi ba hayaniya. In an sauko daga Juma'a jama'a sun yi dafifi, ni nake karɓar kuɗi, shi yana miƙo kaya.