Mudun da na auna tabon zuciya da shi

Wata uku da zuwana Landan koyon karatun hoton zuciya, saura ƙiris in jawo a dasa wa wani saurayi na'ura a ƙirji, saboda wata lamba da na fitar da linzamin kwamfuta. Amma bari in fara da yadda ake ganin tabo a zuciyar mai rai, don ni ma da na je ban san kan abin ba.

Idan jijiyar da ke shayar da wani sashe na zuciya ta toshe har naman wurin ya mutu, jiki ba ya mayar da shi. Tabo ne ke cike gurbin, irin na ƙuna, ba ya matsewa balle ya tura jini. Don a gan shi, sai a shigar da mutum na'urar hoton maganaɗisu, wadda kowa a asibiti ke kira MRI, a zuba masa ruwan gadoliniyam ta jijiyar hannu daidai nauyinsa, milimol 0.1 zuwa 0.2 a kowane kilo. Sai an duba ƙoda tukuna, domin tun 2006 aka gano ruwan na iya jawo ciwo mai ƙandarar da fata ga wanda ƙodarsa ta lalace sosai. Gadoliniyam ba ya shiga cikin lafiyayyar ƙwayar nama, ta tsakaninsu yake ratsawa ya wuce. A tabo kuwa fili ya yi yawa, sai ya kwanta kamar ruwan sama a kududdufi. Bayan minti 10 zuwa 15 sai a ɗauki hoto, a yanka zuciyar zobe-zobe kamar albasa, kowane zobe kaurin milimita 8, daga gindi har tsini. Tabo ya fito fari fat, lafiyayyen nama baƙi wuluk.

Wannan baƙin ba a banza yake zuwa ba. Akwai ɗan jiran da ake saita wa na'urar kafin ta ɗauka, wajen milisakan 250 zuwa 300, kuma yana ƙaruwa yayin da ruwan ke barin jiki. Ka kuskure shi, lafiyayyen nama ya koma toka-toka, tabo ya ɓace a ciki. Sannan dole mara lafiya ya riƙe numfashi a kowane zobe.

A kan numfashin nan aka taɓa kirana da gaggawa. Wani dattijo ne daga zangon Kumasi, ya zo wurin 'yarsa ciwo ya kama shi. Muryar na'ura na ta ba shi umarni da Turanci, shi kuwa yana ta numfashinsa, hotuna duk sun dagule, ga mintocin gadoliniyam na tafiya. Na karɓi makirufo na ce, "Baba, sannu da haƙuri. Ja numfashi. Saki. To, riƙe a nan, kada ka motsa."

Ana tsakiyar ɗauka sai na ji, "A'a! Ɗana, kai daga ina?"

Wannan zoben ma ya tafi. Na ce, "Daga Zariya, Baba, amma bari mu gama, ma gaisa." Daga nan bai sake motsi ba. Tabonsa siriri ne, ya bi cikin bangon zuciya na gaba ta gefen da jini ke taɓawa, bai kai rabin kaurin bangon ba. Wannan shi ne abin da masu tiyata ke son ji. A shekarar 2000 Raymond Kim da Robert Judd na Jami'ar Northwestern a Amurka suka nuna, a kan mutum 50, cewa zurfin tabo a bango ke faɗin ko nama zai farfaɗo idan an mayar masa da jini: inda babu tabo, kashi 78 cikin 100 na sassan bangon sun farfaɗo, inda ya wuce kashi uku cikin huɗu na kauri, ɗaya tak cikin 58. Aka sa Baba a layin aiki. Irin wannan tabon ido ma ya isa, gefensa a yanke yake kamar da reza.

Na saurayin ba haka yake ba. Ciwon kaurin naman zuciya ne da shi, irin wanda ake gada, kuma tabon wannan ciwo ba ya bin hanyar jijiya. Dabbare-dabbare yake fitowa a tsakiyar bango, wani wuri fari, wani wuri hazo-hazo, ba ka iya cewa ga inda ya tsaya. Ga shi kuma lambar na da nauyi: wani babban bincike na 2014 a kan mutum 1,293 ya nuna idan tabo ya kai kashi 15 na naman zuciyar hagu, haɗarin mutuwar farat ɗaya yana ninkawa biyu. Shi ya sa likitoci ke sa wannan lamba a sikeli in za su yanke shawarar dasa na'urar da ke girgiza zuciya ta dawo daidai idan bugunta ya rikice.

Ga yadda awon yake. Za ka zana iyakar bango ciki da waje a kowane zobe, ka kewaye wani wuri mai lafiya ka ce wa kwamfuta wannan ne baƙi na gaskiya. Ita sai ta lissafa matsakaicin haskensa da yadda hasken ke kai-komo a gefen matsakaicin. Wannan kai-komon shi ne taki ɗaya. Kai za ka zaɓi taki nawa haske zai haura kafin a kira shi tabo. Daga nan ta ninka faɗin tabon da kaurin zobe, ta sake ninkawa da 1.05, wato nauyin mililita ɗaya na naman zuciya, ta ba ka giram. Na tarar da manhajar a kan taki biyu, ban taɓa ba. Rabin bangon da ya raba zuciya dama da hagu ya rine da launi, lamba ta fito kashi 24. Har wani daɗi na ji, wai na kamo babban abu. Na rubuta rahoto na tura.

Washegari babbar likitar da ke duba aikina ta jawo kujera ta zauna kusa da ni. Ba ta yi faɗa ba, tambaya ɗaya ta yi: "Da wane ma'auni?" Na yi shiru. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne mahaifiyata a kasuwar Sabon Gari, wadda ba ta taɓa jin kuɗin mudun gero ba tare da ta ce a nuna mata mudun ba.

Ta mayar da shi taki shida, lamba ta sauko kashi 9. Ta gwada wata hanyar, ta rabin ƙololuwa, wadda ake neman wuri mafi haske a tabon a ɗauki duk abin da ya haura rabinsa, ta samu 11. Sannan ta bi zanena zobe bayan zobe. Wurin da na kewaye a matsayin lafiyayye ɗan mitsitsi ne, na kuma zaɓi mafi duhu, don haka takin ya yi gajarta, ko ɗan yayyafin hoto sai ya zama tabo. A zobe biyu na gindi layina ya zame cikin jini, shi kuma jini fari yake fitowa don akwai sauran gadoliniyam a cikinsa. Jinin bawan Allah na auna na kira shi tabo. Ta ce in nemi wani bincike da aka yi a nan Landan a 2011. Na nemo, na ga sun riga sun nuna taki biyu na iya ninka girman tabo sau biyu, kuma hanyar rabin ƙololuwa ce ta fi maimaita amsa ɗaya idan an sake awo. Kashi 15 ɗin can ma ba da taki biyu aka auna shi ba.

A nawa ganin, babu ɗaya cikin hanyoyin nan da ta isa a kira ta gaskiyar tabon. Hazon da ke gefe wani abu ne, nama mai rai cakuɗe da tabo, kuma taki shida na iya zubar da wani sashe nasa. Abin da na daina dai shi ne barin kwamfuta ta rina hoto kafin in ƙare masa kallo da idona in ƙiyasta. In lambarta ta yi nisa da ƙiyasina, zanena nake komawa in bincika. Kuma duk wanda ya dawo hoto na biyu, sai na nemo ma'aunin da aka yi na farko da shi, in ba haka ba sai a ce tabo ya ƙaru alhali mudu aka sauya.

A taron mako aka ɗora saurayin a faifai. Bai taɓa suma ba, ba wanda ya yi mutuwar farat ɗaya a danginsa, kaurin bangonsa bai kai milimita 30 ba, na'urar da ya kwana da ita tana naɗar bugun zuciya ba ta kama komai ba. Aka bar maganar dashe, aka ba shi ranar dawowa. Na janye rahoton farko na rubuta sabo: tabo kashi 9 cikin 100, an auna da taki shida, an gyara iyaka da hannu a zobe biyu.