Hular kwanon hawan doki a Ingila: yadda ake auna ta

Wanda ya taso yana kilisa a Kano ko Katsina, ko ya yi hawan sallah da rawani, in ya zo Ingila neman aikin barga zai tarar da wani abu da bai saba ba: makarantun koyon hawa da bargogin dawakin tsere na Newmarket ba sa barin mutum ya sa ƙafa a likkafa sai da hular kwano a kansa. Ga yara kuwa doka ce tun 1990, duk wanda bai kai shekara 14 ba dole ya sa ta in zai hau doki a kan titi. Matsalar 'yan'uwanmu sababbin zuwa ita ce suna sayenta kamar yadda ake sayen hular zanna, a ɗora a kai, in ta shiga shi ke nan. Hular kwanon da ta yi wa mutum yawa takan zame daidai lokacin faɗuwa, ta bar goshi ko ƙeya a fili.

Awo ake farawa da shi. A ɗauki tef irin na tela a zagaye kai, wajen santimita 2 sama da gira, ta saman kunnuwa, ya bi ta ƙullutun ƙeya. Kan da ya ba da santimita 57 shi ne lamba 7 a tsohon lissafin Ingila. Amma lambar mafari ce kawai, domin wani kan zagayayye ne, wani mai tsawo, kuma kowane kamfani da irin zubinsa. Wadda ta matse gefen kai ta bar sarari a goshi ba taka ba ce, ko da lambar ta dace. Shi ya sa ya fi kyau a je shagon kayan doki mai ma'aikacin da ƙungiyar 'yan kasuwar kayan doki ta Birtaniya (BETA) ta horar, a gwada ta kamfanin Charles Owen, a gwada ta kamfanin Champion, a ga wadda ta zauna.

Ana sa ta daga goshi a danna baya, ta zauna miƙe, bakinta yatsa ɗaya zuwa biyu sama da gira. Kafin a ɗaure komai, a kama ta a motsa gaba da baya. In fatar goshi da gira suka bi ta, ta kama. In ta zame ita kaɗai, ta yi yawa. Sannan a ɗaure igiyar haɓa har yatsa ɗaya kawai ke shiga, igiyoyin gefe su haɗu a ƙarƙashin kunne, na baya su rungumi ƙeya. A zauna da ita minti goma a shagon. In ciwon kai ya taso ko jan layi ya fito a goshi, a sauya.

Gashi shi ne inda mutanenmu suka fi kuskure. Mace ta je awo da kitson da za ta riƙa hawa da shi, kwantacce, ba shuku ba, da siririn ɗankwali marar ƙulli ko fil. Namijin da aka auna shi da suma, ranar da ya yi aski hular za ta yi masa lako-lako. Kuma cikin sanyin Janairu kada a cusa hular sanyi a ƙarƙashinta, wannan na ɓata kamun gaba ɗaya.

A duba cikinta a ga alamar ma'aunin inganci PAS 015 ko VG1 tare da tambarin Kitemark, shaidar cewa an gwada ingancinta. Ta keke ba ta maye gurbinta. Ta gwanjo kuma a guje ta duk arharta, domin farin soson da ke ciki sau ɗaya yake aiki: bugu ya murƙushe shi, ba ya sake tashi, alhali waje na nan sumul. Duk wadda aka faɗi da ita a yar, wadda ba ta taɓa buguwa ba a sauya ta bayan shekara 3 zuwa 5. In ruwan sama ya jiƙa ta a bar ta ta bushe da kanta, kada a ɗora ta kan hita ko a bar ta cikin mota da rani, zafi na lalata soson.