Talata, ni da Monique Wittig

Ruwa tun asuba yau a Ngaundere, sai wajen ƙarfe tara na samu taksi zuwa jami'a a Dang, jan laka duk ya ɓata min bakin zani. Malamin adabin Faransanci ya raba mana sunayen marubuta, kowa ya je ya yi bincike ya zo ya yi bayani gaban aji, ni ƙuri'ata ta faɗa kan Monique Wittig. Ban taɓa jin sunan ba. Ƙawata ta duba a wayarta ta zungure ni, wai ke, 'yar maɗigo ce fa. Na ce to ni na zaɓo ta?

Da rana na samu lungu na zauna karatu. A Alzas aka haife ta, gabashin Faransa, 1935. Littafinta na farko L'Opoponax ya ci kyautar Médicis a 1964. A Agustan 1970 tana cikin matan da suka kai furanni kabarin sojan da ba a san ko wane ne ba a Paris, suka ce na matarsa ne, don ita ta fi shi rashin sanuwa, 'yan sanda suka kwashe su. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai. A 1976 ta koma Amurka tare da abokiyar zamanta Sande Zeig, daga baya ta koyar a jami'ar Arizona har rasuwarta a 2003.

Amma abin da ya riƙe ni har la'asar wani abu ne daban. Tun muna firamare aka haddace mana cewa a Faransanci namiji ke rinjaye, mata ɗari in namiji ɗaya ya shigo cikinsu shikenan sun koma ils, wato su na maza, kuma ban taɓa tambaya ba, doka ce kawai kamar biyu da biyu huɗu. Ita kuma Wittig a littafinta Les Guérillères na 1969 sai ta ɗauko elles, wato su na mata, ta cika littafin da shi, mata mayaƙa, shafi bayan shafi elles elles, har ka fara jin kamar ils ɗin ne baƙo. Na tsaya ina gwadawa da Hausa. Mu su ɗinmu ba ruwansa, maza su mata su, da fassara za a yi rabin faɗan nata ya zube ƙasa. Sai dai mu tun daga kai da ke ake rarrabe mu. Fillancin Inna kuwa ko wannan babu, o ɗaya ne ga mace da namiji, to amma hakan ya hana a aurar da ita tana shekara sha huɗu? Shi ya sa ban gama yarda da Wittig ba, gyaran kalma ba ya raba ki da kishiya. Marubuciya Djaïli Amadou Amal ta Marwa ta fi kusa da ciwonmu da maganar munyal ɗinta, wato haƙuri da Fillanci. Duk da haka elles ɗin nan ya tsaya min a rai.

Da dare ina tuƙa tuwo Inna ta ce me kike ta karantawa ne yau. Na ce wata Bafaranshiya ce Inna, mai rubuta littattafai. Ta ce tana da miji? Na ce a'a. Ta ce Allah sarki, ta ci gaba da gyaran kuɓewarta. Ban ƙara komai ba.

Matsalar tana ranar Alhamis, ranar da zan yi bayani gaban aji. Akwai littafinta na 1973, Le Corps lesbien, wato jikin 'yar maɗigo, ba yadda za a yi bayaninta a tsallake shi, ita ce ma ta ce 'yan maɗigo ba mata ba ne, don a wajenta mace suna ne da zama ƙarƙashin namiji ya haifar. A nan Kamaru kuwa sashe na 347-1 na dokar laifuka ɗaurin wata shida zuwa shekara biyar ya tanada kan maɗigo da luwaɗi, kuma na san samarin bencin baya, abin da na karanta za su maida shi abin da nake. Na canja sunan fayil ɗin a wayata zuwa nahawu 2. An ɗauke wuta, caji saura kaɗan, gobe zan tambayi malam ko dole sai na rubuta sunan littafin a allo.