A Bayan Motocin Katako, Daga Vancouver Zuwa Prince George

Tun muna ratsa kwazazzabon kogin Fraser, a lardin British Columbia na ƙasar Kanada, nake ganin jiragen ƙasa suna gangarowa kudu, tarago bayan tarago, an jibga musu ɗaurin katako an naɗe da leda. Direbanmu ya ce akasarinsu Amurka suka nufa, domin mutanen can da katako suke tayar da ƙashin gida.

Daga Cache Creek muka kama babbar hanya mai lamba 97, muka miƙe arewa. Williams Lake ta taga kawai na gan ta. A Quesnel na yada zango, garin da kamfanin katako na West Fraser ya soma a 1955, kuma tun kafin ka sauka daga mota ƙamshin ɗanyen itace ya tarbe ka. Wani dattijo da ya yi ritaya daga ma'aikatar tsaga katako ya zagaya da ni bakin wani fili da aka tula gumagumai, tsibi-tsibi har sun kere rufin gida. Ya ɗauko guntun katako ya nuna mini hatimin da ke jikinsa, haruffa uku, SPF, wato jinsunan itatuwa uku masu laushi da ake sayarwa a haɗe. Ba shi da nauyi a hannu, ƙusa kuwa tana shigarsa ba gardama.

"Yaro," in ji shi, "rigimar nan ta harajin katako tsakaninmu da Amurka duk a kan mai itace take." A lardin British Columbia kusan duk dajin na gwamnati ne, ita ke yanka kuɗin da kamfani zai biya kafin ya sari itace. A Amurka kuwa galibin dazukan da ake sara na 'yan kasuwa ne, ciniki ke tsayar da farashi. Shi ya sa masu katakon Amurka tun 1982 suke kukan cewa Kanada na tallafa wa nata a fakaice. An yi sulhu a 2006, Amurka ta mayar da kimanin dala biliyan 4 na harajin da ta karɓa a kan katakon Kanada. Wa'adin yarjejeniyar ya cika a 2015, a 2017 haraji ya dawo, a 2025 ya haura kashi 35 cikin 100.

Ni dai a ganina talaka ne ke kwana a ciki ta kowane ɓangare. Mai neman gina gida a Amurka ya sayi katako da tsada, har ƙungiyar magina gidaje ta can ma adawa take da harajin. Lebura a Kanada kuma ya rasa aiki.

Kuma ba haraji ne kaɗai ba. Da muka doshi Prince George na ga duwatsu cike da busassun itatuwa, furu-furu, a tsaye. Wani ƙwaro ne ya yi musu wannan ɓarna tun ƙarshen shekarun 1990, gobarar daji ta 2017 da 2018 ta ƙara nata. Itace ya yi ƙaranci, manyan kamfanonin lardin suka karkata jarinsu zuwa jihohin kudancin Amurka irin su Alabama da Arkansas, inda itace ke saurin girma kuma babu kuɗin fito. Na ƙarasa har Vanderhoof, inda a 2024 kamfanin katako na Canfor ya sanar da rufe ma'aikatarsa. Wata mata a shagon shayi ta ce mini ɗanta ya koma lardin Alberta neman aiki, ita kuma tana jiran mai sayen gidansu.