Inda gidan silima yake a da

Asabar, Gusau.

Yau Kawu ya matsa sai na raka shi gyaran waya. Muna sauka daga Keke Napep gaban wani jerin shaguna, sai ya ja ya tsaya yana ƙare wa wurin kallo, ya ce, "Kai yaro, ka san nan gidan silima ne a da?" Ni dai tun tasowata shaguna na sani a wurin, an riga an rushe shi.

Aka ba mu benci, Kawu ya buɗe baki. Ya ce katanga ce doguwa, ba rufi, allon siminti ne da aka shafa wa farin fenti, don haka ba a fara haskawa sai duhu ya yi. Masu ƙaramin kuɗi su ne a gaba kan benci, wuya ya ƙage da kallon sama, masu hali kuma can baya kan kujeru. Bakin ƙofa ga mai tsire, ga mai rake, ga 'yan talla da fitilar aci-bal-bal. Fim ɗin Indiya shi ne sarki, sai na Chana da na kaboyi. Ba mai jin yaren, amma kowa ya san jarumi, ya san bos. In fim ya tsinke a tsakiya kuwa, mai haskawa ya shiga uku da fito da zagi. Da damina in hadari ya haɗo, kuɗinka ya tafi.

Na tambaye shi ko Kaka ya san yana zuwa. Ya yi dariya har da tari. Wai ɗan mutunci ba ya bari a gan shi a layin tikiti, mace kuwa in ta shiga, sunanta ya ɓaci. Tsoron ma yana da tushe: gobarar silimar El Duniya a Kano a 1951 ta ci mutum fiye da 300, kuma da yawa sun ɗauke ta a matsayin ishara.

Kawu ya dage cewa Shari'a ce ta kashe silima, lokacin da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da ita a Oktoban 1999, aka rufe gidajen. Ni ban yarda gaba ɗaya ba. Da bakinsa ya ce tun kafin a ƙirƙiro Zamfara a 1996 ya daina zuwa, saboda maƙwabcinsu ya sayi bidiyo, ana haya kaset a kalla a tsakar gida har da mata da yara. Ga finafinan Hausa na Kano sun shigo, da harshen da kowa ke ji. Wa zai biya kuɗi ya zauna sauro na cizonsa?

Da na faɗa masa haka sai ya harare ni, ya ce ai mu ma kowane dare muna cunkushe a gidan kallon ƙwallo, muna ihu kan Arsenal, kuma can ma sauron bai bar mu ba.