Yaron da muka sallama, bashin da muka biya

Shekara shida ke nan ina riƙe wa kawuna littafin lissafi a rumfarsa ta albasa a Garwa, a arewacin Kamaru. Muna da yaro a Marwa, shi ke bin ƙauyuka yana saye, ya yi lodi, mu kuma mu tura Duwala. Manoma yaron Alhaji suka sani. In ya ce a zuba buhu 30, zubawa ake yi, kuɗi sai mota ta dawo.

Da lissafinsa ya fara tangal-tangal, kawu ya kira shi a waya ya sallame shi. Ba wanda aka gaya wa.

Bayan mako uku sai ga dattawa biyu ɗauke da takardar da aka yago daga littafin ɗan makaranta, ta sha ninki har ta yi laushi: buhu 40, da sa hannun yaron. Bayan sallamar ya kwasa, ya sayar a Kusiri, ya tsallaka Injamena. Kawu ya miƙe tsaye: "Wallahi ban aike shi ba!" Ɗaya dattijon ko murya bai ɗaga ba. "Alhaji, ranar da ka ɗauke shi ka aiko an gaya mana. Ranar da ka kore shi, wa ka aiko?"

Da dare kawu ya ce, "Kai da ka karanta doka a Ngaundere, me takardunku suka ce?" Na ce, "Kawu, biya za mu yi."

Na haddace abin don jarrabawa, amma sai a daren nan ya zauna mini. Sashe na 2005 na dokar farar hula da muka gada daga Faransa ya ce in wakili kaɗai ka sanar ka tuɓe shi, ba ka da hujja a kan waɗanda suka yi ciniki da shi ba su sani ba, sai dai ka bi shi da kanka. Dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda ƙasashe 17 ke bi har da Kamaru da Cadi, aka kuma sabunta ta a Lome a 2010, ita ma haka: in halinka ne ya sa mutane suka yarda da zuciya ɗaya cewa wane na da izininka, ba ka isa ka ce ba ruwanka ba.

Abin da ya fi cin raina, mu muka koya musu. Sau nawa yaron ya wuce farashin da aka yanka masa, kawu ya yi shiru ya biya saboda kasuwar Duwala ta yi kyau? Sashe na 1998 na waccan dokar farar hula ya ce abin da wakili ya yi fiye da izini ba ya hawa kanka sai ka amince, a fili ko a kaikaice. Kowane biya irin wannan amincewa ne.

Da dillali ne da sauƙi. Shi haɗa mai saye da mai sayarwa yake yi, ya karɓi la'adarsa. Wakili kuwa bakinsa bakinka ne, duk da a kasuwa sunan "yaronmu" ɗaya muke ba su.

Kashi uku muka biya kuɗin. Ni na raka sabon yaron Marwa, gida-gida, da takarda mai ɗauke da iyakar buhun da zai ɗauka bashi. Dattijon nan ya sa jikansa ya karanta masa har sau biyu, sannan ya ce in rubuta lambar wayata a bayanta.